Inji ya buga: a ɗaura wani ko a rabu da motar?

Tun da aka cire tallafin mai, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a majalisun mutanenmu na kudu, ko a Agege kake, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, ko wajen masu lodin kaya a Fatakwal da Onica. Mota ta fara shan baƙin mai kamar ruwa, shuɗin hayaƙi na bin ta a baya, ko kuma ta buga gaba ɗaya a tsakiyar titi. Bakanike ya leƙa ya ce sai an sauke inji. Sai mai ita ya zo yana tambaya: in zuba mata kuɗi, ko in kira dillali in huta?

Da can amsar ba ta da wuya. Dattawan harkar mota suna da ƙa'idarsu: in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin motar, kada ka wahalar da kanka, sayar da ita, ka cika 'yan kuɗi, ka je Berger ko ka aika Kwatano a kawo maka wata. Ƙa'idar ta yi aiki shekara da shekaru, saboda tazarar da ke tsakanin tsohuwar motarka da tokumbo irinta ba ta fi ƙarfin adashi ɗaya ko cinikin kaka ɗaya ba. Ni a ganina wannan ƙa'ida ta mutu a 2023, kuma duk wanda ke aiki da ita yau zai iya wayar gari ba mota, ba kuɗin mota.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa, daga baya ta ɗan sauko. Wannan kowa ya ji shi a aljihunsa. Amma abin da ya fi taɓa maganarmu shi ne wanda ya biyo baya a watan Yuni, lokacin da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke lissafawa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a farkon 2024. Gaskiya ne dillalai dama can a kasuwar bayan fage suke sayen dala, wajen naira 750, to amma ko da wannan aka yi lissafi, motar dala 5,000 ta tashi daga naira miliyan 3 da dubu 750 ta koma miliyan 7 da rabi, tun ba a yi maganar jirgin ruwa ba. Kuɗin fito kuwa da farashin gwamnati Kwastam ke yanka shi, shi ne ya ninka wajen sau uku. Tun 2022 kuma suka koma duba lambar shasi a kwamfuta su fitar da ƙimar mota, ƙofar “a yi mana sassauci” ta ƙuntata. Kwatano ma ba mafita ba ce: tun ranar 1 ga Janairu, 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sefa kuma yanzu ta fi ƙarfin naira nesa ba kusa ba.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Mutum ya sayi Corolla shekara bakwai da suka wuce, ya more ta, yau inji ya gaji, amma dillali na taya ta da kuɗin da ya kai ko ya fi abin da ya saye ta. Sai ya ga kamar riba ta zo har gida. Ba riba ba ce, naira ce ta rame. Riƙe kuɗin nan ka shiga Berger ka gani, ko ƙofar tokumbo irinta ba za su buɗe maka ba. Abin da za su saya maka shi ne wata motar da aka yi amfani da ita a nan gida, wadda mai ita shi ma da dalilinsa ya rabu da ita, kuma sau da yawa dalilin nan inji ne. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Taka ka san tarihinta, ka san ranar da ta yi zafi, ka san ƙarar da take yi da safe. Waccan kuwa sai bayan wata biyu za ta fara gaya maka gaskiya.

Shi ya sa nake cewa tambayar da ta kamata a yi yanzu ba “nawa motata za ta yi a kasuwa” ba ce. Tambayar ita ce: nawa zan cika in samu wadda na tabbata ta fi ta lafiya? In cikon ya ninka kuɗin inji sau uku ko huɗu, kamar yadda yake ga yawancin ƙananan motocin Toyota da Honda da mutanenmu ke hawa, to gyara ya fi. Amma fa sai an fara duba abin da ba a cika dubawa ba.

Bodi nake nufi. Mu da muka taso a arewa mun saba mota ta shekara talatin ƙarfenta garau, sai dai fenti ya ƙone da rana. Nan ba haka ba ne. Iskar Legas da Fatakwal da Warri akwai laima da gishirin teku, ga ruwan da ke kwanciya a titi duk damina. Da yawa daga cikin motocin kuma daga jihohin Amurka masu ƙanƙara suka fito, inda ake zuba gishiri a hanya, tun can tsatsa ta fara cin su. Kafin ka yi maganar inji, a ɗaga motar ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Ka ɗage kafet ka taɓa ƙasan. Ka duba inda shokozoba ke zama da inda ƙafafu ke kama shasi. In sukudireba na shiga ƙarfe kamar biskit, magana ta ƙare, sabon aljihu ne za ka ɗinka a yagaggiyar riga. Haka in motar ta taɓa nutsewa a ambaliya: inji ana canza shi, amma wayoyi da ƙwaƙwalwar mota in suka sha ruwa, kai da rewaya kun zama 'yan gida ɗaya. Sai giyabos. In otomatik ce kuma tana jinkirin shiga ko tana fizga, ka haɗa kuɗinta a lissafi tun yanzu, domin sabon inji mai ƙarfi shi ke ƙarasa giyar da ta gaji.

To a ce bodi lafiya, giya lafiya. Kada ka yarda a sauke inji saboda kawai an ga hayaƙi. Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi a ga ƙarfin matsin kowace silinda, aikin minti talatin ne, amma garejin da ke yin sa kaɗan ne sai ka nema. Wani hayaƙin daga robobin bawul yake, wani kuma gaskit ne ya ƙone, duka ana gyara su daga sama ba tare da an taɓa ƙasan inji ba. Bakanike ba lallai mugu ba ne, amma sauke inji ya fi kawo masa kuɗi, kai ma ka sani.

Sannan a tambayi abin da ya kashe injin, don wannan shi ne abin da ake tsallakewa. Inji ba ya mutuwa haka kawai. Ko lagireto ya toshe, ko fanka ta daina aiki a cikin cunkoso, ko an zuba jabun baƙin mai, ko an bar mai ya wuce lokacinsa. A Legas mota na iya yin awa uku tana aiki ba ta ci kilomita goma sha biyar ba, saboda haka mai jiran kilomita ta cika kafin ya yi juye yana cutar kansa. Ga kuma al'adar nan ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, alhali injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a wani zafi na musamman, in bai kai ba sai ya riƙa shan fetur fiye da ƙima. Wasu kuma har yau suna jin jiki daga gurɓataccen fetur ɗin nan na Fabrairun 2022. In ba a gano sanadin ba, ko sabo dal ka ɗaura, hanyar da na farko ya bi zai bi.

Yanzu a zo kan zaɓin kansa: a yi wa naka ringin, ko a sayo na tokumbo a ɗaura?

Ringin shi ne a warware injin, a canza ringi da metal da gaskit, in ta kama a canza fistin, a kai kiranshaf da bulok wajen masu gogewa. A takarda shi ya fi araha, kuma in an yi shi yadda ya kamata ya fi tokumbo, don ka san abin da ke ciki. Matsalar tana cikin “yadda ya kamata” ɗin nan. Aikin awo ne na ƙasa da kaurin gashi, ana yin sa a ƙasa, a kan kwali, ƙura na tashi, ana ɗaure ƙusoshi da ƙarfin hannu ba da ma'auni ba. Kasuwa kuma cike take da ringi da metal masu kwali ɗaya da na asali amma ƙarfen ba ɗaya ba. Araha ba ta ado. Tsofaffin injuna irin na Golf 3 da J5 da tsohuwar Hiace suna da haƙuri, ko an ɗan kuskure za su ja shekaru, kuma makanikan da suka ƙware a kansu suna ko'ina. Na zamani masu bulok ɗin alminiyam ba sa yafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: in ba ka da bakaniken da ka ga motar da ya yi wa ringin tana yawo bayan shekara guda, bar wannan hanyar.

Amma akwai inda ringin ya fi. Misali Camry ɗin nan da ake kira Muscle, musamman ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4. An san injinta da shan baƙin mai tun daga kamfani, har Toyota ta yi shirin gyara wa masu ita a Amurka, kuma laifin na fistin da ringi ne. In ka je ka sayo irinsa na tokumbo, ba mamaki ka sayo ciwon da ka gudu daga gare shi. A nan gyaran naka da fistin da ringi nagari ya fi ma'ana.

Injin tokumbo kuwa, kowa ya san inda ake samunsa: Ladipo a Legas, Gate a Ibadan, Ikoku a Fatakwal, Mgbuka da ke Obosi kusa da Onica, Uwelu a Benin. Shi ma da dala ake shigo da shi, don haka ya tashi, sai dai tashinsa bai kai na mota sukutum ba. Amfaninsa sauri: yau a saya, gobe ko jibi mota na kan titi. Haɗarinsa kuma shi ne inji ba ya zuwa da agogon kilomita. Abin da ke gabanka ƙarfe ne da aka wanke. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa a waɗannan wurare, akwai kuma masu tattara injin da ya gama aiki a nan gida, su wanke shi da fetur, su jera shi cikin na waje. Ka sa a buɗe murfin sama ka ga ko akwai baƙin dasƙararren mai. A cire fulogi a duba bakinsu. A juya injin da hannu. Kwanakin gwajin da suka ce sun ba ka, a rubuta su a rasit tare da lambar injin, kada ka karɓi “no wahala, oga” a matsayin garanti. Kuma a ɗaura shi nan da nan, kada kwanakin su ƙare yana ajiye a gareji.

Wani abu da na lura da shi a wajen mutanenmu: da yawa ba sa son shiga kasuwar da kansu, wai hayaniya da cinikin Turancin buroka, sai su damƙa wa bakanike kuɗi su koma shago. To ka sani yana da la'adarsa a wajen mai sayarwa, kuma la'adar ta fi tsoka a kan injin da ya fi wuyar sayuwa. Gara ka biya shi kuɗin yininsa a fili, ku tafi tare, kai ka biya da hannunka. Rasit ɗin nan kuma ka adana shi cikin takardun mota, ka je ofishin lasisi a gyara lambar inji, don ranar da ɗan sanda zai buɗe bonet a hanyar Ore ko Lakwaja ya ga lamba ba ta yi daidai da takarda ba, bayani da baki ba zai fisshe ka ba.

Ga mai motar haya ko ta ɗaukar kaya lissafin ya ɗan bambanta, don shi kwana ma kuɗi ne. A ce motarka na kawo balas na naira 15,000 a rana. In ringin ya ci kwana goma sha biyu, ana jiran mai goge kiranshaf, ana jiran a dawo da wuta, ka yi asarar naira 180,000 da ba ta cikin kuɗin da bakanike ya faɗa maka, ga cefane, ga abin da ake aikawa gida. Sau da yawa wannan kaɗai ya cinye bambancin da ke tsakanin ringin da tokumbo. Haka shi ma mai cewa bari in lallaɓa da ita a haka: in gajiyayyen inji na ƙara maka lita biyu kacal a rana, a kan naira 900, cikin kwana 26 na aiki ka ƙona naira 46,800, ban da galan-galan na baƙin mai. Lallaɓawa tana da arha lokacin da lita ke naira 185. Yanzu ba ta da shi. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne cin bashin banki ko na manhajar waya don gyaran inji. Tun da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kowa ya san abin da ƙananan masu ba da bashi za su ɗora. Adashi ko rancen ɗan uwa ya fi, kuma kada a taɓa uwar kuɗin shago.

Wasu za su ce a juya ta zuwa iskar gas ta CNG mana, tunda gwamnati ta fito da shirin tun 2023. Yana rage kuɗin mai sosai ga wanda ke zirga-zirga kusa da gidan da ake sayar da ita. Sai dai ba magani ba ce ga injin da ya gaji, sai mai lafiya ake juyawa, saboda haka kuɗinta ƙari ne a kan gyara, ba madadinsa ba. A kuma guji tukunyar da aka haɗa a wajen mai walda. Wadda ta fashe a wani gidan gas a Benin cikin Oktoban 2024 irinta ce.

Duk da haka akwai waɗanda ni zan ce musu su sayar, ba tare da na yi dogon tunani ba. Na farko mai babbar mota mai silinda shida ko takwas da ya saya lokacin fetur na araha, yanzu sai ranar Juma'a da ɗaurin aure take fita. Ko ka ɗaura mata sabon inji ba za ka iya ciyar da ita ba. Haka mai motar da kayanta ke wuyar samu, wadda in ƙaramin abu ya lalace sai an yi oda. Haka mai aiki da manhajojin ɗaukar fasinja in motarsa ta kusa wuce shekarun da suke karɓa. Sai wanda takardun Kwastam ɗinsa ba su cika ba, don zuba miliyan a motar da za a iya ƙwacewa a shinge ɗaya ganganci ne. Ita mota ko tana ajiye tana ci: inshorar da ake biya naira 5,000 ta koma 15,000 tun Janairun 2023, daga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka matsa a kanta, ga sabunta lasisi, ga gwajin lafiyar mota a Legas, ga kuɗin wurin kwana ga wanda gidan hayarsa ba fili. In motar ba ta kawo kuɗi, ba ta kuma rage maka kuɗin zirga-zirga, jari ne kwance yana tsatsa.

In za ka sayar, ka sayar tun tana tashi da ƙafarta, don da zarar ta buga farashin 'yan gwangwan za a taya ta. In ma ta kai ga haka, kada ka yi saurin bayarwa a dunƙule. 'Yan uwanmu da ke harkar ƙarfe a Owode Onirin za su gaya maka cewa giyabos da ƙofofi da fitilu da ƙwaƙwalwa, har da abin nan na cikin salansa da ake kira indomi, kowanne da kuɗinsa.

Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. A zuba wa inji mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya, a wanke mota, a ɗora ta a tirela zuwa Kano ko Sakkwato, a sayar wa ɗan gari a matsayin “motar Legas, hannu ɗaya”. Wanda ya saya yakan zama ɗan unguwarku ne ko surukin wani naka, kuma kafin wata uku labari ya dawo Agege. Faɗi aibinta, ka rage kuɗi, masu saye suna nan, don akwai makanikai da ke neman irinta su gyara su sayar. Sannan kada ka miƙa makulli sai an rubuta yarjejeniya da shaidu, an ɗauki hoton katin mai saye, an kuma canza suna a takardu. Mota na iya wuce hannu huɗu sunanka na kanta. Ranar da aka yi wani aika-aika da ita ƙofarka za a ƙwanƙwasa, kuma duk wanda ya zauna a kudu ya san yadda irin wannan magana ke yi wa baƙo nauyi kafin gaskiya ta fito.

Wanda kuma ya yanke shawarar gyarawa, ya dubi kalanda. Kowace shekara sai an ga masu kai mota gareji ana saura mako guda Sallah, a gama aiki ranar Talata, ranar Laraba a cika ta da iyali da buhuna a kama hanyar Ilori da Jebba da Mokwa, tafiyar kilomita dubu ko fiye. Injin da aka yi wa ringin yana son a bi shi a hankali na ɗaruruwan kilomita, ba gudu, ba lodi, sannan a juye man farko a canza filta. Na tokumbo ma yana son mako biyu a cikin gari, inda in ya nuna hali mai shagon da ya sayar maka yana kusa. In Sallah ta matso ba a samu wannan lokacin ba, a bar motar a gareji, a hau ta haya.